Ƙeyar Ɓarawon Inji

A Kwarin Giginya akwai wani manomin albasa ana ce da shi Haladu. Gajere ne kakkaura, ga saurin hawa, amma duk garin an shaida ko tsinken wani bai taɓa ɗauka ba. Manoman ranin garin suna da ƙungiya, ƙungiyar kuma tana da injin ban-ruwa guda ɗaya tal, wanda ake zagayawa da shi gona-gona, kowa da ranarsa. Mai kula da injin shi ne shugaban ƙungiyar, Alhaji Hashimu, wanda tun da ya dawo daga Makka shekara takwas da suka wuce ba a sake ganin kansa ba hirami ba, ko da rana tana dafa ƙwaƙwalwa. To wata Juma'a aka sakko daga masallaci, aka leƙa rumfar da ake ajiye injin, sai tiyo kaɗai aka tarar a naɗe. Kafin la'asar gari ya ɗauka. Kafin a watse daga kasuwa kuwa, 'yan majalisar gindin ɗurumi sun gama shari'arsu, sun ce Haladu ne.

Dalilan da aka tara masa, in ka ji su a jere, kai ma sai ka rantse shi ne. Ba a gan shi a sallar Juma'a ba. An sansana wandonsa an ji warin fetur. An je gonarsa an tarar albasarsa ta yi kore shar, ta maƙwabta duk ta yi yaushi. Abin da ya ƙarasa shi kuwa bakinsa ne. Sati biyu kafin nan, da aka tsallake ranarsa karo na uku, ya miƙe a taron ƙungiya, gaban mutum talatin, ya ce, "Wallahi wata rana sai na ɗauke injin nan, kowa ma ya huta!"

Alhali kowanne da amsarsa. Fetur ɗin, wani mai babur ya taya zuƙowa daga tanki. Albasar kuwa, da ya gaji da jiran inji, jigo ya kafa yana ba ta ruwa da ƙarfinsa har tafin hannunsa ya yi kanta. Batun Juma'a shi ne mai wuyar faɗa. Da hantsin ranar matarsa Kande ta dafa masa filasko don wankin ciki, hannunta ya zarce, bawan Allah ya wuni yana safa da marwa tsakanin gida da bayan kwazazzabo.

Ranar da aka kai shi gaban majistare, alƙali ya tambaye shi, "Ina kake lokacin da ake sallar Juma'a?"

Haladu ya ɗaga kai zai yi magana, sai ya yi ido huɗu da surukinsa, mahaifin Kande, a zaune a bencin gaba ya dogara sanda. Ta yaya ɗan mutunci zai buɗe baki gaban surukinsa ya ce gudawa yake yi? Sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Ranka ya daɗe, wani ɗan uzuri ne ya riƙe ni."

"Wane irin uzuri?"

"Uzuri dai, ranka ya daɗe."

Alƙali ya rubuta cewa wanda ake tuhuma ya kasa faɗin inda yake.

Duk da haka, da ba a sami wanda ya gani da ido ba, da wataƙila ya sha. Sai ga shi an samu. Wani wanzami ne, Nomau, baƙo daga wani gari, wanda duk ranar kasuwa yake zuwa ya shimfiɗa buzunsa ya yi aski da ƙaho. Ranar Juma'ar nan ya makara, yana tsugune a bakin rafi yana wanke asake kafin ya ruga masallaci, sai wani kakkauran mutum ya gifta ta gabansa da inji a ka, ya ba shi baya ya nufi hayi. Aka karanta a kotu cewa an nuna wa wanzami Haladu a caji ofis, ya gane shi nan take. Aka tambayi wanzami ko ya ga mutum da inji, ya ce e. Aka tambaye shi ko an nuna masa wannan, ya ce e. Zai ƙara magana aka ce ya sauka. Haka aka yanke wa Haladu wata tara, injin kuwa ba a gan shi ba.

Zaman gidan yari ya ci Haladu, tumbin nan duk ya zube. Amma ba gabzar da ake ba fursunoni su ci ba ce ta fi ƙona masa rai. Kande ta zo ganinsa ta gaya masa cewa yanzu a gari in za a yi kwatancen gidansu, cewa ake yi gidan ɓarawon inji. Wannan maganar ta hana shi sakat. Ɗaurin zai ƙare, ya sani, amma in ya cika wata taran nan ya fito, sunan ya zauna ke nan har kan jikokinsa.

Yana wata na biyu aka kawo wasu lauyoyi masu taimakon marasa ƙarfi kyauta. Wadda ta faɗo kansa wata siririya ce mai tabarau, Lauya Hajara. Ta karanta takardunsa tsaf, ta ce za ta ɗaukaka masa ƙara zuwa babbar kotu.

"Baba Haladu, sai ka gaya min gaskiya. Ina kake ranar Juma'ar nan?"

Haladu ya dube ta, sa'ar 'yarsa ta fari. Ya kau da kai ya ce, "Hajiya lauya, wani ɗan uzuri ne."

Sai da ta yi tattaki har Kwarin Giginya, Kande ta ja ta ɗaki ta raɗa mata. Lauya ta yi dariya har ta cire tabarau. Daga nan ta nemi wanzami a kasuwa, ta zauna a gefen buzunsa suka yi hira mai tsawo. Da ta dawo wurin Haladu, ba ta ce masa komai ba sai, "Baba, ranar zaman kotu kada ka sa hula."

Wata uku cif da ɗaurin aka zauna. Alƙalai biyu ne a sama, amma ɗaya ne mai magana, wani dattijo mai furfura a gira, ɗayan rubutu kawai yake yi. Rabin Kwarin Giginya sun cika kotun. Alhaji Hashimu yana bencin gaba, ya sha shadda ya lulluɓe kai da hiraminsa, carbi a hannu, sai girgiza kai yake yi irin na mai takaicin lalacewar zamani. Surukin Haladu ma yana nan da sandarsa.

Lauyan gwamnati ya miƙe ya sake jero dalilan nan ɗaya bayan ɗaya, Juma'a da fetur da albasa da furucin taro. Ya ce ko makaho aka ba wa waɗannan zai laluba ya kamo Haladu.

Lauya Hajara ta ce, "Ya mai shari'a, a garin nan duk mai babur wandonsa yana warin fetur. Albasar da aka ce ta sha ruwan inji, ga jigonsa can a kafe, ba wanda ya je ya duba. In kuma don furuci ne, a kowane taron ƙungiya sai wani ya rantse zai yi abin da ba zai yi ba. Batun Juma'a kuwa, matarsa ta yi rantsuwa a rubuce, ga takardar, ina roƙon a karanta a zuci saboda akwai manya a wurin."

Alƙali ya karanta. Ya miƙa wa abokin zamansa, shi ma ya karanta. Dukansu suka duƙar da kai na ɗan lokaci. Haladu ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

"To duk wannan zato ne," in ji alƙali bayan ya gyara murya. "Amma akwai wanda ya gani da ido. Me za ki ce da shi?"

"Shi nake roƙon kotu ta sake kira, ya mai shari'a. Na san a ɗaukaka ƙara takarda ake bi, ba a cika kiran shaida ba. Amma abin da ke rubuce daban, abin da mutumin nan ya faɗa daban."

Lauyan gwamnati ya yi ta ja, alƙali ya ce shi dai yana son ya ji da kunnensa. Aka shigo da Nomau, dogo ne ramamme, da zabirarsa ta kayan aski a rataye, don ya ce ko gaban sarki ba ya rabuwa da ita. Aka rantsar da shi.

"Malam Nomau," in ji lauya, "ka ga fuskar mutumin da ya ɗauki injin?"

"Ni? Ban gani ba."

Kotu ta ɗauki guna-guni. Alƙali ya leƙo ta saman tabarau. "To ya aka yi ka gane shi a caji ofis?"

"Ranka ya daɗe, ni ban ce na gane shi ba. Fito da shi aka yi shi kaɗai, da ankwa a hannu, aka tsayar min da shi muna kallon juna. Na ce a juya min shi. Sai kofur ya daka min tsawa, ya ce a garinku da baya ake gane mutum? Ya ce in kalli fuska. Na kalla, na ce to girman jikin dai kamar haka. Shi ke nan na ga yana rubutu."

"Me ya sa ka ce a juya maka shi?"

"Ranka ya daɗe, shekarata talatin da biyu ina wanzanci. Ni mutum in ya zauna a gabana, ƙeya yake ba ni. Ka ga masu sayen goro, mai goro fuskarsu ya sani. Ni ko ɗan'uwana ne, in ya taho ta gaba sai ya yi magana nake tabbatarwa, amma in ya ba ni baya, ko a filin Idi ne sai na tsamo shi. Ƙeyar nan kuwa da ta wuce da inji, na san ta. Ni na yi mata ƙaho."

"Ta yaya ka san ƙahonka ne?"

"Bahago ne ni, ranka ya daɗe. Tsagata karkacewa take yi ta hagu, uku-uku. Duk ƙasar nan ba mai irinta."

Alƙali ya ajiye alƙalami ya jingina. Ya ce tun da yake shari'a bai taɓa jin irin wannan ba, amma ba a rasa gwadawa. Aka fitar da wanzami waje. Aka zaɓo kakkauran mutane shida daga cikin 'yan kallo, aka cire musu huluna, aka jera su fuska ga bango, aka cusa Haladu na biyar a cikinsu. Ya san bai ɗauki inji ba, amma ya ga yadda rashin ɗauka ya kai shi gidan yari, saboda haka bai yarda da komai ba. Ya runtse ido yana karanta duk addu'ar da ta zo bakinsa.

Aka dawo da Nomau. Ya goya hannu a baya, ya bi layin a hankali kamar mai tayin shanu a kara.

Ya tsaya a bayan na farko. "Wannan nawa ne, amma ba shi ba ne. Malam, ƙurjin nan har yanzu ba ka je asibiti ba?"

Na biyu. "Wannan ƙahon wani ɗan koyo ne ya yi, Allah ya isa wa mai kan."

Na uku da na huɗu ko tsayawa bai yi ba. Ya zo kan Haladu, ya tsaya. Ya matso har Haladu yana jin numfashinsa a wuya. Ya leƙa dama, ya leƙa hagu.

"Subhanallahi," in ji wanzami. "Wane marar tsoron Allah ne yake yi wa wannan aski? Kamar akuya ta yi kiwo. Ranka ya daɗe, wannan ƙeyar askata ba ta taɓa hawa kanta ba, kuma ba na fata ta hau."

Kotu ta fashe da dariya. Haladu, da ba a taɓa zaginsa ya ji daɗi ba, ranar ji ya yi kamar ya juya ya rungume mutumin.

Nomau ya ƙarasa sauran biyun ya juyo. "Babu ita a nan."

"Ka tabbata?" in ji alƙali.

"Kamar yadda na san sunana."

Lauyan gwamnati ya miƙe ya ce wannan wasan yara ne, ba inda doka ta san shaidar ƙeya. Lauya Hajara ta ce ai kuwa da ita aka ɗaure mutum wata tara, sai dai ba a bari mai ita ya kalli ƙeyar ba. Suka shiga ja-in-ja da Turanci, kowa yana buɗe littafi. Aka ce wanzami ya nemi wuri ya zauna, wani ya matsa masa a benci na biyu.

Ana cikin haka aka ɗauke wuta. Fankoki suka tsaya cak. Ga jama'a maƙil, ga kwanon rufi ya ɗau rana, nan da nan kotun ta zama tanda. Kowa ya shiga fifita da abin da ya samu. Alhaji Hashimu, wanda tun da wanzami ya ambaci ƙaho carbinsa ya daina tafiya, gumi ya karyo masa ta ko'ina, har yana ɗiga daga haɓa. Ya daure, ya daure, ya kasa. Ya zame hiramin ya share fuska, ya share wuya.

"Yawwa!" aka ji daga benci na biyu. "Ga ta nan!"

Kowa ya waiwaya. Nomau ne a tsaye, ya miƙa yatsan hagu, fuskarsa cike da murna kamar wanda ya tsinci ɓataccen ɗansa. "Ranka ya daɗe, ga ƙeyar! Ninki biyu, ga tsagata uku-uku. Kai, gammon ma da ya ɗora injin a kai, ja da fari ne, irin wannan mayafin da ke hannunsa!"

Alhaji ya yi wuf zai mayar da hirami, hiramin ya suɓuce ya faɗi ƙasa. Kotu ta kaure. Alƙali ya yi ta buga tebur har aka yi shiru, sannan ya ce, "A natsu. Ba wanda ake tuhuma a nan sai wanda ya ɗaukaka ƙara. Yadda ban yarda a ɗaure wancan da zato ba, haka ba zan kama wannan don an ce ƙeyarsa ce ba. Alhaji, ba dole ne ka ce komai ba."

Da Alhaji ya ja bakinsa ya tsuke, da ya koma gida ya ci tuwonsa. Amma idon mutanen garinsu duk yana kansa. Sai ya miƙe ya ce, "Ranka ya daɗe, ai ba sata ba ce! Tumatirina na hayi ne yake ƙonewa, na ce bari in kai masa ruwan sa'a biyu kafin a sakko masallaci. Injin ya ƙi tashi, na tsaya gyara, ina dawowa na tarar gari ya ɗauka an sace. To ni shugaba guda, in fito in ce ni ne? Da aka ambaci Haladu sai na ce bari ƙura ta lafa tukuna."

"Wata uku ƙurar ba ta lafa ba?" in ji alƙali. "Ina injin yake?"

"Yana cikin rumbun gero, ranka ya daɗe."

Salati ya tashi ta ko'ina. Haladu ya saki baki yana kallon mutumin da ya zo har gidan yari ya yi masa nasiha a kan cin haram. Alƙalai suka haɗa kai suka yi ƙus-ƙus, sannan dattijon ya karanta hukunci: an soke ɗaurin, an wanke Haladu tas, ba shi da laifin komai. Kande ta rangaɗa guɗa daga baya, ɗan sanda ya harare ta, ta ƙara wata. Surukinsa ya share ƙwalla da bakin riga. Shi kuwa Haladu kalmar nan "an wanke" kawai yake ta juyawa a ransa, yana jin wani nauyi yana sauka daga kafaɗarsa.

Alƙali ya ce 'yan sanda su tafi da Alhaji Hashimu, a bincika a gurfanar da shi inda ya dace. Nan fa Alhaji ya zube a gaban teburin shari'a, shaddar nan duk ta sha ƙura.

"Ranka ya daɗe, a dubi girmana, a dubi iyalina! Wallahi ban taɓa kwana a bayan kanta ba. In aka ce wata tara za a ba ni, gawata za a fitar. Haladu, kai maƙwabcina ne, ka sa baki mana!"

Alƙali ya juyo. "Malam Haladu, ka ji. Kana da abin cewa?"

Haladu ya gyara wuyan rigar da ta yi masa yawa, ya dubi Alhaji, ya dubi alƙali, ya rusuna.

"Ranka ya daɗe, ina roƙa masa sassauci. In an tashi yanke masa, a ba shi wata shida. Ukun farko na riga na yi masa."